Ido, Kyamarar Waya, Na'urar Tebur ko Ɗakin Gwaji: Wa Zai Karanta Maka Tsinken Fitsari?

Tsinken gwajin fitsari ɗan siririn roba ne da aka manna wa ƙananan murabba'ai na takarda, kowanne an jiƙa shi da nasa sinadarin. A tsoma shi cikin fitsari a ciro, sai murabba'an su sauya launi gwargwadon abin da suka tarar. Tun 1956 ake cin moriyar wannan dabara, shekarar da Helen Free da mijinta Alfred suka fito da Clinistix a kamfanin Miles na Amurka don gano suga a fitsari. A yau tsinke guda kan ɗauki gwaji har 10: suga, furotin, jini, fararen ƙwayoyin jini, naitirait, kiton, bilirubin, urobilinojin, tsamin fitsari da kaurinsa.

Shi tsinken bai sauya da yawa ba. Mai karanta shi ne ya sauya. Da can sai dai a kanga shi kusa da jadawalin launukan da ke jikin kwalba a kwatanta da ido. Daga baya aka ƙera na'urar tebur mai haska shi ta auna. Yanzu ga wayar hannu ta shigo, a ɗauki hoton tsinken, manhaja ta faɗi sakamako. Wanda ke da ciwon suga ko hawan jini, da mai juna biyu, da mai kula da ƙaramin asibiti, duk sukan tsinci kansu cikin ruɗani: a sayi na'ura ne, a koma kan waya, ko a ci gaba da yadda aka saba?

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Abu na farko shi ne daidaiton karatu, wato idan mutum biyu suka karanta tsinke ɗaya, ko aka karanta shi da safe a bakin taga aka sake da daddare a ƙarƙashin fitila, shin amsa ɗaya za a samu. Haske da lokaci da idon mai dubawa, su ukun nan ne ke ɓata karatu. Na biyu kuɗi, kuma kuɗin iri biyu ne, na sayen kayan aiki sau ɗaya da na kowane gwaji. Sau da yawa wanda ya fi araha a na farko shi ya fi tsada a na biyu. Sai ƙarko: shekara nawa abin zai yi yana aiki, me ke kashe shi. Sai sauƙi ga wanda ba ma'aikacin lafiya ba ne. Na ƙarshe haɗari, kuma a nan ina nufin abu biyu, sakamakon ƙarya da mutum zai dogara da shi, da kuma inda bayanan lafiyarsa za su tafi bayan ya danna maɓalli.

Kafin a bi zaɓuɓɓukan ɗaya bayan ɗaya, akwai maganar da masu tallan manhajoji ba su cika tsayawa a kanta ba. Kyamara gyaran karatu take yi, ba ta ƙara wa tsinke ilimi. Duk abin da sinadarin murabba'in ya kasa kamawa, babu hoton da zai fito da shi.

Iyakar tsinken kansa

Ɗauki suga. Ƙoda ba ta fara zubar da suga cikin fitsari sai na cikin jini ya kai wajen 180 mg/dL, wato kusan 10 mmol/L. Mutum na iya yawo da sugan da ya haura ƙa'ida tsinke kuma ya nuna ba komai. A ɗaya ɓangaren, masu shan magunguna irin su dapagliflozin da empagliflozin, aikin maganin ke nan ya fitar da suga ta fitsari, don haka tsinkensu kullum zai nuna suga ko da na jininsu ya zauna lafiya.

Furotin ma haka. Murabba'in furotin na tsinken gama-gari ba ya motsi sai albumin, wani nau'in furotin na jini, ya kai wajen 15 zuwa 30 mg/dL. Lalacewar ƙoda ta farko-farko, irin wadda ciwon suga ke jawowa, tana farawa da ɗigon albumin ƙasa da haka. Shi ya sa likitoci ke neman wani gwaji daban, wanda ake kwatanta albumin da kiriyatinin, wani dattin jiki da ƙoda ke fitarwa, ana kiransa ACR a taƙaice. Ƙasa da 30 mg/g lafiya lau, daga 30 zuwa 300 an fara samun matsala, sama da 300 abin ya yi nisa. Wannan yana da nasa tsinken na musamman. Wanda ya sayi tsinke mai gwaji 10 da nufin sa ido kan ƙodarsa, bai sayi abin da yake nema ba.

Naitirait, wanda ake dubawa idan ana zargin cutar mafitsara, yana buƙatar fitsari ya zauna a mara kamar awa 4, kuma ƙwayar cutar ta kasance cikin masu juya naitireit zuwa naitirait, irin su E. coli. Wata ƙwayar cutar mai suna Enterococcus ba ta yin haka. Mai yawan zagayawa saboda zafin fitsari, wanda shi ne ya fi buƙatar gwajin, fitsarinsa ba ya samun zaman awa 4 ɗin. Bitamin C mai yawa yana danne murabba'in suga da na jini da na naitirait su nuna babu alhali akwai. Rifampicin na tarin fuka da phenazopyridine suna rina fitsari ja-ja ko ruwan lemo, su rufe launin gaskiya. Jinin al'ada yana sa murabba'in jini ya kama. Fitsarin da ya kwana ko ya wuce awa 2 a ajiye ba tare da sanyi ba, tsaminsa ya sauya, ƙwayoyin cuta sun cinye sugan ciki. Kwalbar da aka bari a buɗe ta sha danshi, tsinkayenta sun tashi aiki ko da kwanan watan da ke jikinta bai cika ba.

Duk waɗannan suna nan daram ko da wace hanya aka karanta, ban da ɗakin gwaji da ke da wasu hanyoyin na tabbatarwa.

Karatu da ido

Babu abin da ya kai shi araha. Kwalba ɗaya kan zo da tsinke 100, babu batir, babu intanet, babu abin da zai lalace sai tsinken. A wurin da ake gwada ɗaruruwan yara 'yan makaranta don neman jini a fitsari saboda tsargiya, har gobe ido ne ke aiki, kuma yana wadatarwa, domin murabba'in jini idan ya kama, koren da yake yi ba ya ɓuya.

Matsalar tana tsakiyar jadawali. Bambancin da ke tsakanin "ɗan alama" da "+ ɗaya" a murabba'in furotin bambanci ne na rawaya mai ɗan kore da kore mai ɗan rawaya. A ƙarƙashin fitila mai ja-ja sai a ga wannan, a hasken rana a ga wancan. Ga kuma makantar launi, wadda ke shafar kusan namiji 1 cikin 12 a tsakanin 'yan asalin Turai, ƙasa da haka a wasu al'ummomin, kuma da yawa daga masu ita ba su san suna da ita ba.

Amma a ganina lokaci ya fi haske ɓarna. Kowane murabba'i da lokacinsa. A tsinken Multistix 10 SG, suga da bilirubin a daƙiƙa 30 ake karanta su, kiton a 40, kaurin fitsari a 45, jini da tsami da furotin da naitirait a 60, fararen ƙwayoyin jini sai an cika minti 2. Launin da ya fito bayan haka ba shi da amfani. Ma'aikaciyar jinya da layi ke jiranta ba za ta tsaya da agogo tana bin murabba'i goma ba. Kallo ɗaya take yi wa duka, galibi kafin minti 2 ya cika, sai a rasa fararen ƙwayoyin jini, ko kuma ta ajiye tsinken ta dawo bayan minti biyar launuka sun ƙara duhu. Sannan da hannu ake rubuta sakamako, inda "+ biyu" kan koma "+ ɗaya" tsakanin tsinke da fayil.

Kyamarar waya da kayan gwajin da hukuma ta amince da su

Wayarka ba a ƙera ta don ta faɗi gaskiyar launi ba, an ƙera ta ne don hoto ya yi kyau. Tana gyara farin haske da kanta, tana ƙara wa launi armashi, tana goge duhu, kuma kowane kamfani da irin gyaransa. Hoton tsinke ɗaya da wayoyi uku zai ba da kore iri uku. To ta yaya za a auna lafiyar mutum da irin wannan?

Amsar ita ce katin launi. Kayan gwajin kirki suna zuwa da wani kati da aka buga wa launuka sanannu kewaye da gurbin da za a ɗora tsinke. Idan aka ɗauki hoton, manhaja ta riga ta san ainihin launin kowane ɗigo na katin, sai ta ga yadda hasken ɗakin da kyamarar suka karkatar da shi, ta cire wannan karkatar daga launin tsinken. Kamar mai awo ne da ke fara ɗora dutsen da ya san nauyinsa a kan sikeli kafin ya ɗora kaya. Manhajar ce kuma ke riƙe agogo: ta ce tsoma, ta ce ciro, ta ce jira, ta ƙi karɓar hoto idan lokaci bai yi ba ko ya wuce, ta ƙi idan inuwa ta faɗo kan katin. Haske da lokaci da ido, duka ukun da ke ɓata karatu ta taɓa su.

Kamfanin da ya fi suna a wannan fanni shi ne Healthy.io na Isra'ila. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da kayansa na Dip.io, a 2022 kuma ta amince da Minuteful Kidney don gwajin ACR a gida. Hukumar lafiya ta NHS a Ingila ta riƙa aika irin wannan kaya ta gidan waya ga masu ciwon suga da ba su kai fitsarinsu gwajin shekara ba. Nan ne nake ganin ainihin amfaninsa. Gwajin ACR yana cikin waɗanda aka fi tsallakewa, don sai mutum ya karɓo mazubi, ya tuna da fitsarin farko na safe, ya koma ya kai. Kyamarar waya ba ta fi ɗakin gwaji iyawa ba, amma ta kai ga mutumin da ba zai taɓa zuwa ɗakin gwajin ba.

Kuɗinsa a kan kowane gwaji ya ninka na tsinken kwalba sau da yawa, domin kowane fakiti na amfani ɗaya ne: kofi, tsinke a cikin ledarsa, kati, sannan kuɗin manhaja da na isar da sakamako ga likita. Ga gwajin da ake yi sau ɗaya ko biyu a shekara kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Ga asibitin da ke gwada mutum hamsin a wuni, asara ce.

Ƙarko kuwa ba a hannunka yake ba. Fakitin yana da ranar ƙarewa kamar kowane tsinke, wannan ba komai ba ne. Abin dubawa shi ne manhajar: sai wayarka tana cikin jerin waɗanda aka gwada, sai tsarin wayar bai tsufa ba, galibi sai da intanet don a can ake sarrafa hoton, kuma sai kamfanin yana raye. Ranar da ya rufe ko ya janye daga ƙasarku, fakitin da ke hannunka ya zama kofi da kati. Fashewar gilashin kyamara ko maiƙon yatsa a kansa ma suna hana karatu, sai dai manhajar kirki takan ƙi hoton maimakon ta yi ƙarya.

Sakamakon da take bayarwa rukuni ne, ba lamba ba. Za ta ce lafiya, ko ya ɗaga, ko ya ɗaga sosai. Duk wanda ya ɗaga sai an tabbatar a ɗakin gwaji, kuma ƙa'idar ƙwararrun ƙoda ita ce ba a cewa mutum yana da ciwon ƙoda mai ɗorewa sai matsalar ta wuce wata 3 ana ganinta. Zazzaɓi, motsa jiki mai tsanani da cutar mafitsara duk suna ɗaga albumin na ɗan lokaci.

Sai batun sirri. Hoton da sakamakon suna barin wayarka. A Tarayyar Turai dokar GDPR, da ta fara aiki a 2018, ta sa bayanan lafiya cikin masu kariya ta musamman. Ba ko'ina ke da irin wannan ba. Kafin ka yi rajista duba wa ke ganin sakamakon, a wace ƙasa ake ajiye shi, kuma ko za ka iya sa a goge.

Manhajar da ke cewa tana karanta kowane tsinke

Da gangan na ware wannan daga na sama, domin a shagon manhajoji kamarsu ɗaya, kuma a nan mutane ke faɗawa. Wasu kyauta ne, wasu da ɗan kuɗin wata. Ka ɗora tsinken da ka saya ko'ina a kan farar takarda, ka ɗauka, sai ga jadawali mai kyau da shawarwari kan cin ganye da shan ruwa.

Babu katin launi, ko akwai amma ba a gwada shi da tsinken da ke hannunka ba. Tsinkayen kamfanoni daban ba su da jeri ɗaya, ba su da launi ɗaya, ba su da lokaci ɗaya. Farar takarda kaɗai ba ta isa gyara karkatar kyamara a kan kore da shuɗi da ruwan hoda ba. Da yawansu a ƙasan shafi sun rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa don "jin daɗin rayuwa" aka yi su ba don gano cuta ba, wanda ke nufin babu hukumar da ta duba su.

Wannan gardama ta daɗe. A 2013 wani kamfanin Indiya mai suna Biosense ya fito da manhajar uChek, sai FDA ta rubuta masa cewa tsinkayen da manhajar ke karantawa an amince da su ne don karatu da ido, kuma da zarar waya ta karɓi aikin karantawa, wayar da tsinken sun zama na'urar gwaji guda mai buƙatar nata izinin. Wannan matsayi ya yi daidai da hankali. A Turai ma dokar kayan gwaji ta IVDR, wadda ta fara aiki a 2022, ta haɗa har da manhajoji.

Ni dai ina sa wannan zaɓi ƙasa da karatu da ido. Mai karatu da ido ya san yana iya kuskure, yakan sake dubawa ko ya kira wani. Mai kallon lamba a fuskar waya yarda yake yi.

Na'urar tebur

Irin su Clinitek Status+ na Siemens da Urisys 1100 na Roche. Ana ɗora jiƙaƙƙen tsinke a kan tire, na'ura ta ja shi cikin duhunta, ta haska shi da fitilunta, ta auna hasken da ya dawo daga kowane murabba'i a daidai lokacinsa, ta buga sakamako a takarda. Manya daga cikinsu, na manyan ɗakunan gwaji, kyamara ce a ciki, don haka bambancinsu da waya ba a kyamarar yake ba. Bambancin shi ne a nan hasken da nisan da kusurwar duk a kulle suke, babu abin da za a gyara bayan an ɗauka. Wasu ma sukan gane tsinken da ya sha danshi su ƙi shi.

Cibiyar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, a jagorarta kan hawan jini lokacin juna biyu, ta ce a asibitoci a yi amfani da na'urar karanta tsinke wajen neman furotin a fitsarin masu ciki, kuma idan ya nuna "+ ɗaya" ko fiye a auna shi da lamba a ɗakin gwaji. Dalilin a fili yake. Furotin a fitsari tare da hawan jini bayan mako 20 alama ce ta ciwon da ke kai wa ga jijjiga, kuma wannan ba wurin da za a bar hukunci ga hasken fitilar ɗaki ba ne.

Kuɗin saye ya fi na kowa, ɗaruruwan daloli, wasu sun haura dubu. Bayan haka kowane gwaji kuɗin tsinke ne, sai dai an ɗaure ka da tsinken kamfanin da ya ƙera na'urar, kuma nasu ya fi na kasuwa tsada. Ƙara da takardar bugawa da ruwan gwajin inganci da ake tsoma tsinke a ciki lokaci-lokaci don a tabbatar na'urar ba ta kauce ba. Wannan na ƙarshen shi ake fara yankewa idan kuɗi ya yi ƙaranci, kuma na'urar da ba a gwada ta tana iya shekara tana ba da amsa karkatacciya da cikakken tabbaci. Idan ana wanke tiren kullum, ana kare ta daga ƙura da wutar da ke hawa da sauka, tana shekaru tana aiki. Kafin ka saya tambayi wa zai gyara ta kuma daga ina tsinkenta zai riƙa zuwa. Ga gida ɗaya ba ta da ma'ana.

Ɗakin gwaji

Shi ne alƙalin sauran. Yana ba da ACR da lamba. Yana duba fitsari a madubin likita, ya bambance jajayen ƙwayoyin jini na gaske da launin da raunin tsoka ke sa murabba'in jini ya kama, ya ga ƙwan tsargiya, ya ga alamun da ke nuna ciwon daga cikin ƙoda yake. Yana renon ƙwayar cuta kwana 1 zuwa 2 ya faɗi sunanta da maganin da zai kashe ta, abin da babu tsinken da zai yi. Kuɗinsa ya fi yawa, ga zirga-zirga, ga jira. Haɗarinsa a hanya yake: fitsarin da bai isa cikin awa 2 ba, ba a kuma sa shi a sanyi ba, ya riga ya sauya.

| | Kuɗin farawa | Kuɗin kowane gwaji | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ido | Babu | Mafi araha | Iya na tsinke | Da sauƙin yi, da wuyar daidaitawa | Haske, lokaci, kuskuren rubutu |
| Waya da kayan da aka amince | Wayar da ta dace | Mai tsada | Ya rataya ga kamfani da waya | Manhaja na jagora | Sirrin bayanai, ɗaukar rukuni a matsayin hukunci |
| Manhajar kowane tsinke | Babu ko kaɗan | Araha | Ba tabbas | Da sauƙi | Sakamakon da ba a tantance ba |
| Na'urar tebur | Mafi tsada | Matsakaici | Shekaru, da kulawa | Ɗan horo | Barin gwajin inganci, yankewar tsinke |
| Ɗakin gwaji | Babu | Mai tsada | Ba ruwanka da shi | Sai an je, sai an jira | Lalacewar fitsari a hanya |

Wa ya dace da wanne

Mai ciwon suga ko hawan jini da ke buƙatar ACR na shekara, in zuwa ɗakin gwaji ba ya yi masa wuya, ya je kawai, lamba ta fi rukuni. In kuwa ya san kansa, shekara biyu ke nan yana cewa gobe, ko tafiya tana masa wahala, kayan waya na ACR da hukuma ta amince da su sun fi zama babu gwaji nesa ba kusa ba, musamman idan asibitinsa ne ya ba shi kuma sakamakon kai tsaye zai je wurin likitansa. Ya tabbatar dai tsinken na ACR ne. Don bibiyar suga kuma ya bar fitsari ya riƙe na'urar jinin yatsa. Haka kiton, sinadarin da ke taruwa idan jiki ya koma ƙona kitse, ga mai ciwon suga nau'i na 1: tsinken fitsari ba ya kama nau'in kiton mai suna beta-hydroxybutyrate, wanda shi ne ke yawa idan abin ya yi tsanani, don haka na'urar kiton ta jini ta fi, tsinke ya zama na ko-ta-kwana.

Mai juna biyu da aka ce ta sa ido a gida, ta yi amfani da abin da ungozomarta ko likitanta suka ba ta kuma suke ganin sakamakonsa, ko waya ce ko ido, tare da na'urar awon hawan jini. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari, asibiti za ta nufa ko da tsinke ya ce lafiya.

Matashiyar da ba ta da ciki, wadda ciwon mafitsara ke yawan dawo mata kuma ta san alamunsa, kayan waya da ke haɗe da likita ko mai harhaɗa magani na iya rage mata jira. Idan da zazzaɓi ko ciwon kwiɓi, ko maganin farko bai yi ba, sai renon ƙwayar cuta. Namiji da ƙaramin yaro su fara da likita. Tsofaffi kuma su yi hattara ƙwarai: a Ingila jagorar hukuma ta hana dogaro da tsinke wajen gano cutar mafitsara ga waɗanda suka haura 65 da masu robar fitsari, domin da yawansu suna ɗauke da ƙwayoyin cuta marasa illa, tsinke zai kama, a ɗura musu maganin da ba su buƙata. Kyamara mafi kyau a duniya wannan amsar za ta karanto, da kyau.

Ƙaramin asibiti ko ɗakin awon ciki da ke gwada mutane da yawa kullum, na'urar tebur ce tasu, muddin tsinkenta da ruwan gwajin ingancinta za su samu ba yankewa. In ba za su samu ba, gara agogo mai ƙararrawa, fitila fara guda da kowa zai karanta a ƙarƙashinta, da horar da ma'aikata su rufe kwalba.

Ma'aikatan da ke bi gida-gida ko zuwa wurare masu nisa su ne suka fi kowa cin ribar waya, don tana ajiye sakamako da hoto da kwanan wata, mai duba aikinsu ya gani daga nesa. Su tambayi abu biyu kafin su ƙulla yarjejeniya: ko manhajar tana aiki babu intanet, da kuma ko an gwada ta a kan irin wayoyin da za a raba musu. In aikin neman jini a fitsarin yara ne kawai, tsinke mai murabba'i ɗaya da ido sun wadatar.

Wanda lafiyarsa ƙalau yake son ya riƙa leƙa fitsarinsa kowane mako da manhajar kyauta, ya ajiye kuɗin tsinken ya je a auna masa hawan jini da sugan jini. Wanda kuwa ya ga jini da idonsa a fitsari, ba ya buƙatar tsinke ko kyamara, likita zai gani a makon nan ko da jinin ya ɗauke.